Abin da na tsinta a hirarmu kan adana tarihin ECOWAS

Jama'a ga abin da muka tattauna a taƙaice. Kowa ya yarda cewa lokaci ne ke ƙure mana, ECOWAS ɗin nan, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Legas aka sa mata hannu ranar 28 ga Mayu 1975, ƙasashe 15, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu sai raguwa suke. Farfesa Adebayo Adedeji da ya yi ta zirga-zirgar shawo kan ƙasashe ya rasu tun 2018, Janar Gowon kuma, shugaban Najeriya na lokacin, ya haura shekara 90. To shawara ta farko a fara da dattawa, a je da rikoda ko waya ma ta isa, a nemi izininsu kafin a ɗauka, a bar su su yi magana da harshen da suka fi sakewa ko Hausa ko Faransanci.

Wani ya kawo abin da ya fi burge ni wallahi, ya ce kar a tsaya kan manya kaɗai, a zauna da tsofaffin 'yan kwastan da direbobi da fataken Jibiya da Maraɗi, Illela da Ƙonni, su ne suka san yadda yarjejeniyar 1979 ta shiga ƙasa ba biza har kwana 90 ta yi aiki a kan boda, musamman yanzu da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice a Janairun 2025.

Takardu kuwa a yi musu sikanin kafin gara da ruwan damina su cinye, a ajiye kwafi wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata da sunan mai magana a kan kowane fayil, kwafi ɗaya a kai Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna.