df (komand mai nuna wurin da ya rage cikin diski a Linux) na cewa saura giga 700, shin gaskiya ne?

Na_Tahoua:
Salamu alaikum ƴan uwa. Na sa btrfs (tsarin ajiye fayil na Linux) da matsi na zstd (hanyar rage girman fayil) ga diskin ordinater ɗin shagona, du (komand mai auna girman fayil) na cewa kayana sun kai giga 400 amma df na nuna giga 300 kaɗai suka tafi cikin tera 1. To wanne ke ƙarya? kuma tunda btrfs na matse kaya mi ya hana df ya ce saura ya fi 700?

Malam_Linux:
Wa alaikumus salam ƙanena, ba mai ƙarya. du na btrfs girman fayil kafin matsi yake ƙirgawa, shi ko df wurin da ya rage fanko cikin diski da gaske. Sa compsize (program mai nuna yawan matsi) ka ga abin da kowane dosiye ya ci.

Ɗan_Yantala:
Ni dai ina ganin ya kamata df ya yi kintace, tunda ya san yadda kayan baya suka matsu sai ya lissafa da haka.

Malam_Linux:
Kai aboki ina ya san abin da za ka zuba gobe? Rubutu da log (fayil ɗin rahoton aikin ordinater) suna matsuwa sosai, amma mp4 da jpeg an riga an matse su tun asali ba abin da zstd zai rage, kuma mutumin namu bidiyo da waƙoƙi yake tura ma mutane cikin kle, in aka yi mashi alkawarin giga 900 sai kofi ya tsaya a tsakiya. Ko ZFS (wani tsarin ajiye fayil) ma daban yake nuna compressratio (yawan matsin da aka samu), bai haɗa shi da sauran wuri.

Na_Tahoua:
Na gode yaya. compsize ɗin apt (komand ɗin saka program) zan sa ko?