Direban da ya kashe rai da tuƙin ganganci: kisan kai ne ko haɗari?

Mai koyar da tuƙi: Salamu alaikum jama'a. Ga maganar da na tsaya a kai, mai ja ya ja. Direban da ya sha ya bugu ya kama sitiyari, ko ya shiga tsere a tsakiyar gari, ko ya keta danja yana ji yana gani, har ya kashe mutum, a tuhume shi da kisan kai da gangan, a daina cewa haɗari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara. Wanda ya harba bindiga cikin taro ba a tambayarsa wa ya nufa. Me ya sa za a tambayi mai mota?

Lauya: Wa alaikumus salam, Oga. Zafin da kake ji gaskiya ne, amma ka cusa laifi uku a buhu ɗaya. Doka ba girman ɓarnar take fara dubawa ba, yadda aka yi tuƙin take fara aunawa. A Ingila, ƙarƙashin dokar hanya ta 1988, idan tuƙin ya gaza na direba mai kula kuma gwani, sakaci ne. Idan ya gaza nesa ba kusa ba, kuma duk direba mai hankali zai ga haɗarin a fili, ganganci ne. Kisa ta sakaci iyakarsa shekara 5. Kisa ta ganganci a da shekara 14 ne, a 2022 aka ɗaga shi zuwa ɗaurin rai da rai. Mummunan rauni ta ganganci shekara 5, ta sakaci shekara 2. A Najeriya dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta sa shekara 7 ga wanda ya jawo mutuwa da tuƙin ganganci. Kisan kai da gangan kuwa wani hawa ne daban, sai an tabbatar da abin da ke zuciyar mutum: ya nufi kisa, ko ya san mutuwa ce mafi kusa da abin da zai biyo baya. A nan ƙararka za ta karye. Kusan kowane mai tsere ya gamsu zai wuce lafiya, ga shi kuma yana cikin motar, ransa da dukiyarsa ya sa a gaba. Lauyansa zai ce wanda ya yarda a mutu ai bai shiga da kansa.

Mai koyar da tuƙi: Barista, ai an yi a Jamus.

Lauya: An yi, amma dubi wuyar da aka sha. A 2016 samari biyu suka yi tsere da dare a tsakiyar Berlin, suna keta danja, gudunsu ya kai wajen kilomita 160, ɗaya ya banke motar wani dattijo ɗan shekara 69 ya mutu nan take. Kotu ta ba su rai da rai a 2017. Babbar kotun tarayya ta rushe hukuncin a 2018, kan batun niyya. Aka sake shari'a a 2019, sai a 2020 hukuncin kisan kai ya tabbata, shi ma a kan wanda ya yi karon kaɗai. Shekara huɗu a kan shari'ar da kowa ya san waɗanda suka yi. Tun ana cikin haka majalisarsu ta kafa laifin tseren mota mai zaman kansa a 2017, ɗauri har shekara 10 idan an rasa rai. Darasin da na ɗauka shi ne a gina laifi na musamman mai nauyi da ba ya buƙatar tona zuciya. Tuhumar da ta fi hujja girma ita ke sakin mai laifi.

Mai binciken haɗari: Ku bar ni in sauko da ku kan kwalta, domin a nan yawancin ƙararraki ke mutuwa tun ba su ga alƙali ba. Kafin a yi gardamar niyya, wa ya tabbatar da gudun? Shaidar ido ta ce "ya zo a guje" ba ta tsayawa a gaban lauya mai wayo. Abin da ke tsayawa awo ne. Ana auna tsawon sawun birki, a gwada yadda titin ke riƙe taya. Busasshiyar kwalta wajen 0.7 take bayarwa. A ninka 254 da wannan, a ninka da tsawon sawun a mita, sai a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da jimlar. Sawu mai mita 40 zai ba ka kusan kilomita 84 a awa, kuma wannan mafi ƙaranci ne, tunda motar da ta yi karo ba birki kaɗai ya tsayar da ita ba. Matsalar ita ce motoci masu birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa, ba sa barin baƙin sawu sosai, ɗan abin da suka bari ma zirga-zirga da ruwan sama kan goge shi. Shi ya sa ake neman na'urar da ke haɗe da jakar iska, wadda a motoci da yawa ke adana kusan daƙiƙa 5 kafin karo: gudu, taka totur, taka birki, ɗaura bel. In aka janye motocin kafin a ɗauki hoto a yi alama inda tarkace ya zube, an share rabin shari'ar.

Oga, ga abin da zai ƙarfafa ka. Direba kan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai birki. A kilomita 50 zai tsaya cikin mita 35. A kilomita 70 sai ya ci mita 29 bai ma taɓa birki ba, don haka a daidai inda mai 50 ya tsaya cak, shi yana kan gudun sama da 60. Lissafin nan ne ke nuna wa kotu cewa gudun ne ya yi kisan, ba tsautsayi ba.

Likita: Yallaɓai ya yi gaskiya, kuma jini ma haka yake guduwa. Barasa na raguwa a jiki da wajen miligiram 15 cikin kowane mililita 100 duk awa. Direban da ke da 110 lokacin karo, in aka yi awa uku ba a ɗebi jininsa ba, zai nuna wajen 65, ƙasa da iyakar 80 ta Ingila. Ana iya lissafi a koma baya, amma ƙofar gardama ce, musamman in ya ce bayan karon ya sha. Wannan ne ma dalilin da masu maye ke tserewa daga wurin. Sai kuma sanadin mutuwa. Mutum zai karye a cinya, ya kwanta mako uku, gudan jini ya taso ya toshe huhu ya rasu. A likitance karon ne tushe, amma in ba a binciki gawa an rubuta ba, lauyan direba zai ce wata cuta ce.

Lauya: Dakta ta taɓo sanadi, kuma shi ne wurin da Oga ba zai so ba. A shari'ar Hughes ta 2013 a Birtaniya, mutum na tuƙi ba inshora ba cikakken lasisi, amma tuƙinsa ba aibu. Wani da ya sha ƙwaya ya tsallako hannunsa ya yi karo da shi ya mutu. Kotun Ƙoli ta ce kasancewarsa a kan hanya ba bisa ƙa'ida ba bai isa ba, sai an nuna wani kuskure a tuƙin nasa da ya taimaka wajen mutuwar. Akasin haka, in laifin direba ya tabbata, cewa mamacin bai ɗaura bel ba ko dama yana da ciwon zuciya ba ya wanke shi.

Malamin fiƙihu: Barista, bari in ɗora. Masu cewa "ƙaddara ce" don su rufe magana ba su da madogara, domin kisan kuskure ma yana da hukunci a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: diyya ga iyalan mamaci da kaffara, azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami bawan 'yantawa ba. Asalin diyyar raƙuma 100 ne, kuma a kuskure dangin mai kisan na wajen uba ke ɗauka. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta ce galibin haɗarin mota kuskure ne, direba ke da lamuni, sai in abin ya fi ƙarfinsa, ko aikin wanda aka buge ne ya yi tasiri mai ƙarfi, ko laifin wani na uku ne. Ta kuma ba hukuma damar horon mai karya dokar hanya. Mafi yawan malamai suna da hawa na tsakiya, mai kama da kisa da gangan, inda ake tsananta diyya ba ƙisasi. Mashhurin Malikiyya bai yarda da wannan hawan ba, ko kisa da gangan ko kuskure.

Mai koyar da tuƙi: Allah ya gafarta Malam, to mai gyangyaɗi fa? Zai ce ba ya cikin hayyacinsa. Mai babbar mota kuma ya ce birki ne ya tsinke.

Lauya: Ba a kama shi da lokacin da yake barci, ana kama shi da lokacin da ya ji idonsa na rufewa ya ci gaba. A Selby ta Ingila a 2001, wanda ya kwana bai yi barci ba ya faɗa kan layin dogo da motarsa, jirgin ƙasa ya kauce, mutum 10 suka mutu, aka ɗaure shi shekara 5. Farfaɗiya ko bugun zuciya na farko da ba gargaɗi kariya ce. Wanda likita ya hana tuƙi ya ƙi ji ba shi da ita.

Mai binciken haɗari: Birki kuwa ba ya ƙarya in an kwance shi. Bututun da ya fashe farat ɗaya, bakin fashewar sabo ne fes. Wanda ya daɗe yana yoyo za ka ga maiƙo da ƙura sun kafe a jikinsa, takalmin birki ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe. A gangara, gangar birki da ta canza launi saboda zafi tana nuna direban ya dogara da birki maimakon ya sauke giya, ko lodin ya wuce ƙa'ida. A nan tambayata gare ki Dakta da kai Barista: in takardun gareji sun nuna direba ya kai ƙorafin birki sau biyu, mai motar ya ce a lallaɓa a kai kayan, wa ya kamata ya fara shiga akwatin tuhuma?

Lauya: Su biyun. Direban ya san motar ba lafiya ya tuƙa, wannan kaɗai ganganci ne. Mai motar kuma a haɗa shi a matsayin wanda ya sa aka yi, muddin an ƙwace takardun nan kafin su ɓace.

Mai koyar da tuƙi: A kan mai tsere da mashayi dai ban janye ba, Barista.