Yaya ake haɗa saman kantar kicin a kusurwa ba tare da an bar tsaga ba?

Uwargida daga Pantami:
Assalamu alaikum. Muna gyaran kicin a nan Gombe, kuma kantar za ta bi bango biyu ta haɗu a kusurwa. Kafintanmu ya ce ko dai ya yanka allunan biyu a karkace su haɗu baki da baki, ko kuma ya sa ƙarfen alminiyam a tsakaninsu. Na damu ne saboda kantar ƙanwata, wadda aka yi da allon fomika, ta kumbura daidai wurin haɗin, har fomikar ta ɗaga, garin tuwo da maiƙo suna maƙalewa a tsagar. Ina roƙon masu sana'ar su ba ni shawara kafin a sa zarto.

Kafinta daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a yi maganar yanka, a fara auna kusurwar bangon, domin ba kasafai magini yake fitar da ita daidai ba bayan an yi filasta. A auna santimita 60 daga kusurwar a bango ɗaya, a auna 80 a ɗayan, sannan a ja tef tsakanin alamun biyu. Idan ba a sami 100 cif ba, bangon ya karkace, sai a zana siffar kusurwar a kwali a yanka allo a kanta.

Yankan karkace ba na ba da shawararsa. A allo mai faɗin santimita 60, tsawon haɗin yakan kai kusan 85, ga asarar allo, ga tsinin da ke saurin karyewa. Abin da ya fi shi ne allo ɗaya ya wuce har bango, ɗayan ya zo ya tokare shi a miƙe, a ɗan karkata yankan a bakin gaba kaɗai inda allon yake da lanƙwasa, kuma da injin rauta, wato injin hannu mai fafe katako, ake fitar da wannan. A ƙarƙashi sai a fafe gurbin noti uku masu jan allunan su matse.

Kumburin da kika gani kuwa ruwa ne ya kawo shi. Cikin allon garin katako ne da aka matse da gam, da ya sha ruwa ba ya komawa yadda yake. Saboda haka dole a shafe bakin da aka yanka da silikon ko gam mai hana ruwa shiga, a riƙa ɗaure notin kaɗan-kaɗan ana shafa yatsa a sama, har sai farce ya wuce bai tsaya ba. Ƙarfen alminiyam yana da sauƙi, amma yakan yi tudu, datti kuma yakan taru a gefensa.

Mai aikin dutse daga Jekadafari:
Idan kuka koma ga dutsen giranit, babu maganar noti. A tabbatar kabad ɗin ƙasa sun daidaita da lebur, kuma akwai abin da ya tallafi haɗin ta ƙasa. A manna tef a gefe biyu, a cika tsagar da gam ɗin dutse mai haɗi biyu wanda aka rina da launin dutsen, a kankare ragowar da reza. Farin siminti tsagewa yake yi, kada ki yarda da shi. Kuma a nisanta haɗin daga wurin wanke-wanke.

Uwargida daga Pantami:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun auna, 102 muka samu. Fomikar dai za mu yi, sai dai kafintan ba shi da rauta.

Kafinta daga Tudun Wada:
To kusurwarku ta buɗe fiye da ƙima, zanen kwali ya zama wajibi. Ku sayi allo mai miƙaƙƙen baki marar lanƙwasa, wannan zarton lantarki ya isa ya yanka shi. Ki gaya masa ya kifa allon ya yanka ta bayansa, ya ɗaure katako miƙaƙƙe da zarton zai bi, domin kada haƙoran su ɓantare fomikar.