Kyamarar fim mai zum: wacce zan ɗauka cikin ukun nan?

ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kyamarar fim. Watan da ya wuce ne muna gyaran ɗakin mahaifiyata na ci karo da albam ɗin gidanmu, hotunan suna da na sallah tun muna yara, har da dodon hoton a cikin ambulan ɗinsa bai lalace ba, wallahi na daɗe zaune ina kallo, kalar hotunan nan daban take da ta waya. Tun ranar abin ya shiga raina, ina so nima in fara ɗauka da fim ko don yarana su samu abin da za su riƙe a hannu.

To akwai wani mai kayan gwanjo da ya nuna min guda uku, duk irin ƙananan nan da ake sawa a aljihu, in ka kunna bakin ya fito. Ɗaya Olympus mju II Zoom 80, ɗaya Pentax Espio 160, ta ukun Canon IXUS, 'yar ƙarama mai jikin ƙarfe, ita ce ma ta fi kyau a ido kuma ta fi araha. Raina ya fi kwantawa da Pentax ɗin tunda zum ɗinta ya kai 160, don babban burina in Allah ya sa an yi hawa bana in ɗauki Hawan Daushe, kun san ba a iya matsawa kusa da dawakai. Amma ban san komai a harkar ba. Me zan duba kafin in biya? Kuma wane fim zan saya?

TsohonMaiHoto ya amsa:

Wa alaikumus salam yaro na, Allah ya yi albarka. Na yi shekaru ina hoto a situdiyo da wuraren biki kafin dijital ta zo, bari in faɗa maka abin da na sani.

Da farko ka ajiye Canon IXUS ɗin nan, ko kyauta aka ba ka. Ba wai ba ta da kyau ba ne, fim ɗinta ne matsalar. Irin ta 1996 ɗin nan mai jikin ƙarfe APS take ci, wani ƙaramin fim ne daban da 35mm da kowa ya sani, kuma an daina yin sa tun 2011. Wanda za ka samu yanzu duk tsoho ne da wa'adinsa ya wuce, sannan ka sha wuyar neman mai wanke maka. Yadda za ka gane, kyamarar 35mm bayanta gaba ɗaya yake buɗewa kamar ƙofa, ta APS kuwa 'yar ƙofa ce ƙarama kake zura gwangwanin kamar batir. Shi ya sa ka ga ta fi araha.

Saura biyu. Ni Olympus ɗin zan ce ka ɗauka, kuma dalilina shi ne ainihin abin da ya ja hankalinka ga Pentax ɗin, wato dogon zum. Mutane da yawa lambar suke kallo, 140, 160, har 200 Pentax ta yi, su ɗauka mai babbar lamba ita ce babba. Abin da ba a faɗa maka shi ne duk sanda bakin nan ya ƙara tsawo, hasken da ke isa ga fim raguwa yake. Duba rubutun da ke zagaye da gilashin. A Olympus ɗin za ka ga 38-80mm, in ka ja zum har ƙarshe hasken na raguwa fiye da sau uku. A irin masu 160 kuwa raguwar tana kaiwa kusan sau bakwai. To kyamarar ba ta da yadda za ta yi sai ta bar idonta a buɗe ya daɗe don haske ya ishe ta, kai kuma kana riƙe da ita a hannu cikin turmutsutsu, doki na gudu, ga dogon zum yana ƙara girman duk wata 'yar rawar hannu. Hoton zai fito dishi-dishi. Tsohuwar ƙa'idarmu ita ce in kana kan 160mm, saurin ɗauka kada ya gaza kashi ɗaya cikin 160 na daƙiƙa, kuma waɗannan ƙananan ba sa barinka ka zaɓa, su ke yanke hukunci.

Ga shi Daushe da yamma ake yi, sai bayan la'asar abin ke kankama a Ƙofar Kudu, ga ƙura ta tashi rana na faɗuwa. In kyamarar ta ga duhu sai ta kunna filasha, filashar da iyakarta 'yan mitoci, ba za ta kai ga mahayin da ke can nesa ba, sai dai ta haska maka ƙura da ƙeyar wanda ke gabanka.

Kafin ka biya, je da batir ɗinka sabo, duka biyun CR123A suke ci, kada ka yarda da "tana yi, batir ne babu". Buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko kore-kore na tsatsa. Kunna ta ka ja zum ya fita ya koma kamar sau biyar kana saurara, in kana jin ƙarar gurzawa ko yana tsayawa a hanya, bar ta, akwai wata siririyar waya a ciki da ke lanƙwasawa duk fita da shiga, in ta tsinke shi ke nan, gyaranta ya fi kuɗin kyamarar. Buɗe baya ka ɗaga ta wajen haske ka danna, ka tabbata idon ya buɗe ya rufe. Haska gilashin da tocilan ɗin waya ka duba ko akwai hazo ko wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki. Filasha kuma ta cika cikin 'yan daƙiƙoƙi ta tashi.

MamanYara_Damagaram ta amsa:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya, bayanin nan ya wadatar. Amma ku yi min haƙuri in ɗan saɓa a abu ɗaya, ni Espio nake amfani da ita shekara uku ke nan kuma ban ga laifinta ba. Ai ba dole ne sai ka ja zum ɗin har ƙarshe ba, ni yawanci a farkonsa nake barinsa ko in ɗan ja zuwa tsakiya, in rana ta take sosai ne kawai nake kai shi ƙarshe, in jingina da bango in riƙe numfashi, kuma na samu hotuna masu kyau a haka. Pentax fa su suka fara fito da irin wannan ƙaramar kyamara mai zum tun 1986, sun san aikinsu. Kuma sunan mju yanzu ya yi tashe a intanet, masu sayarwa na ɗora masa kuɗi don sunan kawai, alhali wadda aka fi yabo ita ce mju II ta 1997 mai gilashin da ke kama haske sosai wadda ba ta da zum sam, masu zum ɗin albarkacinta suke ci.

Sannan masu zum na Olympus an san su da wata matsala, in robar da ke zagaye da bakin ta tsufa haske na satar shiga, sai ka ga wani farin zobe ko rabin da'ira a kan hoto. Ba ka iya ganinsa a shago, sai an wanke fim. Ni ta taɓa faruwa da ni da wata da na saya ta intanet, mai sayarwar ya rantse min lafiyarta ƙalau, na ɗauki sunan jikar yayata kaf da ita, hoto 36, kusan rabi da zoben nan, ranar har kuka na yi don suna ba ya dawowa. Don haka ɗan uwa duk wadda ka ɗauka, ka roƙi mai kayan ya ba ka sati biyu, ka sa fim mai araha ka ƙarar da shi a tsakar gida, wasu a rana wasu a inuwa, wasu da zum wasu babu, a wanke ka gani tun kafin sallah.

Maganar fim kuma 400 za ka saya, Kodak UltraMax 400 ko Fujifilm 400. Gold 200 da ColorPlus 200 suna da kyau da rana amma ga kyamara mai zum 400 ya fi rufa asiri, ninki biyu yake a saurin kama haske. Ka kula gwangwanin yana da ɗan zanen nan na baƙi da azurfa kamar dara, DX ake ce masa, da shi kyamarar ke gane ƙarfin fim ɗin, in babu sai ta yi nata zaton, da yawansu 100 suke ɗauka, kuma babu maɓallin gyarawa.

Zafi ma maƙiyin fim ne, mu nan Damagaram kun san yadda watan huɗu yake. Ina sa nawa a leda mai zif cikin firji, in zan yi amfani in fito da shi ya yi kamar awa biyu kafin in buɗe robar don kada ya yi gumi. Kada ka bar kyamara da fim a cikin mota a rana ko kaɗan.

Injiniya_a_Jamus ya amsa:

Duk abin da Baba da Hajiya suka faɗa haka yake, zan ƙara kaɗan kan yadda ake ɗauka. Yawancin waɗannan duk sanda ka kashe ka kunna filasha na komawa otomatik, sai ka saba da danna maɓallin kashe ta kafin ka ɗaga kyamarar, musamman kusa da dawakai don wani dokin na firgita. Maɓallin ɗauka kuma hawa biyu gare shi, ka sa abin da kake so a tsakiyar 'yar alamar, ka danna rabi har koriyar fitila ta tsaya, sannan ka gyara tsayuwar hoton ka ƙarasa dannawa. In mutum biyu ne a tsaye ka saita tsakaninsu, bango za ta kama su kuma su fito a dushe. In za ka ɗauka ta gilashin mota ko abu mai nisa akwai alamar dutse, ita za ka sa. Kuma abin da kake leƙawa ta ciki ba shi ne idon kyamarar ba, yana ɗan sama da shi, in ka matso kusa sosai sai ka yanke wa mutum hula, ka bar ɗan fili a sama.

Sunayen ma kada su ruɗa ka, Espio ita ce IQZoom a Amurka, mju ita ce Stylus, Canon Prima ita ce Sure Shot, a Japan kuma Autoboy, kyamara ɗaya ce kasuwa ce ta bambanta. In ta zo da mai buga kwanan wata a gefen hoto ka kashe shi, wasu kalandarsu a 2019 ta ƙare.

Abu mafi muhimmanci a wurina, tun kafin ka biya kuɗin kyamara ka nemo wanda zai wanke maka, ka tambaye shi kai tsaye ko yana yin C-41, shi ne wankin fim mai kala, da ko zai yi maka sikanin ya kuma dawo maka da dodon. In wani zai taho maka da fim ta jirgi ya sa shi a jakar hannu ya roƙi a duba da hannu, sabbin na'urorin CT na filin jirgi suna lalata fim ko da sau ɗaya ya bi ta ciki.

ɗan_Fagge ya sake rubutawa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na koma wurin mutumin yau da batir ɗina kamar yadda kuka ce, IXUS ɗin kuwa 'yar ƙofar nan gare ta, da na tafka asara. Pentax ɗin zum ɗinta na fita sumul, Olympus ɗin kuma sau biyu tana tsayawa a hanya sai na kashe na kunna, don haka Hajiya taku na ɗauka, ya yarda in dawo da ita cikin kwana goma in da matsala. Zan riƙe maganar Baba, ba zan wuce tsakiyar zum ba in rana ta yi sanyi. Tambaya ɗaya ta rage, ƙurar hawan nan ba za ta kashe min ita ba?

TsohonMaiHoto ya amsa:

Madalla, wadda ke da lafiya ita ce ta kirki, ka yi daidai. Ƙura kam tana kashe su, bakin in ya fito yana kwasar yashi ya koma da shi ciki. Ka riƙe ta a leda cikin aljihun gaba, ka fito da ita sai za ka ɗauka, kafin ka kashe ka hure jikin bakin ka share da burushi mai laushi, gilashin kuma kada ka goge shi da bakin riga. Kada ka canja fim a filin, nemi zaure ko cikin mota ka juya wa rana baya. In kana son hoton dawakai mai kyau da wannan kyamarar ka fita da safe ranar Hawan Nasarawa, haske ya fi yawa, ko ka bi gidajen hakimai tun ana yi wa dawakai kwalliya kafin a hau, ka yi sallama ka nemi izini, a nan za ka matsa kusa ka ɗauki lifidi da kwalkwali ba tare da ka taɓa zum ba. Ka tafi da fim biyu da batir na ajiya, in an wanke ka sa mana mu gani.