Me ya sa Legas ke da sanata uku kacal, daidai da Bayelsa?

Ɗan Agege: Jama'a, duk yawan mutanen Legas sanata uku ne, Bayelsa ma uku. Mene ne hikimar? Kuma me Majalisar Dattawa ke yi da ta Wakilai ba ta yi?

Malam na Idi-Araba: Da gangan aka yi. A Majalisar Wakilai ake duba yawan jama'a: cikin kujeru 360, Legas na da 24, Kano 24, Bayelsa 5. A ta Dattawa kuwa jihohi ake daidaitawa don kada manya su danne ƙanana. Uku-uku sau 36, ƙari ɗaya na Abuja, 109 ke nan. A 1979 biyar-biyar ne daga jihohi 19, shugabansu Joseph Wayas. A Jamhuriya ta Farko ma ba ƙuri'ar talaka ke kai mutum can ba, gwamnatocin yankuna ke turo su, kuma iyakar ƙarfinsu su jinkirta doka. A nan Legas suke zama, wajen Dandalin Tafawa Balewa. Azikiwe ne shugabanta na farko, 1960.

Hajiya Obalende: Malam ya bar tantancewa. Minista, jakada, Alƙalin Alƙalai, shugaban hukumar zaɓe, gwamnan Babban Banki, babu wanda zai kama aiki sai dattawa sun amince, 'yan Wakilai ba su da hannu. Matsalar ita ce sunayen ministoci na zuwa ba a faɗi ma'aikatar kowa ba, to me za ka tambaye shi? Shi ya sa wasu ke rusunawa kawai su wuce.

Ɗan Agege: To, Hajiya, idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a doka fa?

Hajiya Obalende: Kwana 30 gare shi. Ya ƙi, sai kowace majalisa ta sake zartar da ita da kashi biyu bisa uku, ta zama doka ba sa hannunsa. An yi wa Obasanjo haka a 2000 kan dokar hukumar raya Neja Delta. A Mayun 2006 kuma dattawa suka kashe yunƙurin tazarcen Obasanjo zuwa wa'adi na uku, lokacin da Ken Nnamani ke shugabantarsu.

Alhaji Mile 12: Mai kai koke ga sanata ya san mazaɓarsa tukuna. Agege, Mushin da Ojo suna Legas ta Yamma, Obalende da Apapa ta Tsakiya, Mile 12 da Ikorodu ta Gabas.