Taƙaitawar shawarwari kan tara kuɗi da neman gyaran doka

Ga abin da ya fito daga doguwar tattaunawar da ƴan'uwa na Maradi suka yi a kan yadda za a tara gudummawa domin a matsa wa mahukunta su kare kason mata a muƙamai.

1. Kowa ya yarda cewa hanya ta canza, tunda an rushe Majalisar Dokoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka kuma rushe jam'iyyu a Maris 2025. Saboda haka babu depite da za a kai wa koke a yanzu.

2. Mafi yawa sun ce a riƙe dokar kaso ta shekarar 2000, wadda aka gyara a 2019 ta kai kashi 25 cikin ɗari a muƙaman zaɓe da 30 a na naɗi, a nemi kada ta ɓace idan an zo rubuta sabbin dokoki. Wannan, a ganina, shi ne batun da ya fi nauyi.

3. A kan kuɗi, an fi son jika-jika daga hannun jama'a da yawa, kowane da rasidinsa, ma'aji biyu su sa hannu, a karanta lissafi a bainar taro. An ji tsoron gudummawar babban ɗan kasuwa guda, domin mai ba da kuɗi shi ke juya akala.

4. Ra'ayi ya rabu kan inda za a fara. Wasu sun ce a sayi lokaci a gidajen rediyo, wasu kuma sun dage cewa sai an fara zama da malamai da masu unguwanni, kuma ƙungiya ta sami takardar izini kafin a karɓi ko dala ɗaya.