Wai kusantar rana ce ke kawo zafi?

Kawu: Ni fa ban ga abin gardama a nan ba. Wanda ya matso kusa da wuta shi ke jin ƙuna. Duniya na zagaya rana, in ta matso a yi zafi, in ta ja baya a yi sanyi. Magana ta ƙare.

Auta: Allah ya ba ka haƙuri Kawu, lissafin bai fita ba. A farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147. A farkon Yuli ta fi nisa, miliyan 152. To a Janairun nan ne dusar ƙanƙara ke binne Rasha da Kanada.

Kawu: Wa ya ja igiya ya auna?

Gwaggo: Alhaji an fara ke nan.

Yaya: A ajiye awo, Kawu. A Disamba ɗan Ingila na rawar ɗari, ɗan Ostireliya na gumi. Duniya ɗaya ce, tafiyarta ɗaya. Da nisa ne, ai tare za su ji sanyin.

Kawu: To ku 'yan boko, me ke kawowa?

Auta: Karkata. Duniya ba a miƙe take juyawa ba, ta kishingiɗa da digiri 23 da ɗoriya, kuma a haka take zagayen shekara. Wata shida arewacinta ne ke fuskantar rana, wata shida kudanci. Ɗauki tocila ka haska bango kai tsaye: hasken zai dunƙule wuri guda, fari tas. Karkata hannunka kaɗan, sai ya baje ya dusashe, alhali batir ɗaya ne. Ga kuma tsawon yini. A arewacin Norwe rana kan yi makonni ba ta faɗi ba a tsakiyar shekara, a ƙarshenta kuma ta yi makonni ba ta fito ba.

Kawu: Yauwa! Ka dawo kan maganata. Gefen da ya karkato ai matsowa ya yi.

Yaya: Kaurin duniyar gaba ɗaya bai kai kilomita 13,000 ba. Me matsowar 'yan dubbai za ta yi a tazarar miliyan 150? Kamar mai hangen wuta a bayan gari ne ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji ɗumi.

Kawu: To miliyan biyar ɗin da Auta ya faɗa da bakinsa fa, a banza take?

Auta: A'a, nan kam kana da rabo. Hasken da ke iso mu a Janairu ya ɗara na Yuli da kusan kashi 7 cikin 100. Kuma tun 1609 masanin taurari Kepler ya bayyana cewa in duniya ta matso takan ƙara sauri. Shi ya sa daga daidaituwar dare da rana ta Maris zuwa ta Satumba, lokacin da take nesa, kwana 186 ne, dawowa kuma 179. Sai dai karkatar ta danne wannan nesa ba kusa ba.

Kawu: Kashi bakwai dai nawa ne, ku rubuta.

Gwaggo: Na gwada tocilar a bangon ɗaki, haka ne fa. Alhaji kai ma gwada.

Kawu: Tawa ba caji. Sai gobe.